Tuƙin Gwaji: Yadda Kwamfutar Mota Ke Sake Tantance Inji Bayan An Goge Mata Bayanai

Kowace ƙaramar motar fetur da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga samfurin 1996 zuwa yau tana ɗauke da kwamfuta wadda aikinta bai tsaya ga auna fetur da ba fulogogi wuta ba. An ɗora mata wani nauyin kuma: ta riƙa binciken duk wani sashe da ke da hannu a tsabtar hayaƙin da ke fita ta salansa, ta adana sakamakon a ƙwaƙwalwarta. Sunan wannan tsari OBD-II, ƙofarsa kuwa wata 'yar soket ce mai ramuka 16 a ƙarƙashin dashbod, galibi daidai gwiwar direba, inda bakanike ke jona na'urar sikanin idan an kai mota a “sa mata kwamfuta”. Abin da akasarin masu mota suka sani game da tsarin bai wuce fitilar nan mai ruwan ɗorawa da ake kira cek-injin ba, sai lambobin matsala da na'ura ke karantowa. Amma akwai wani ɓangare da ba ya bayyana a fuskar dashbod, wato rajistar da ke nuna gwaje-gwajen da kwamfuta ta kammala da waɗanda ba ta kai gare su ba. Idan aka goge wannan rajista, babu maɓallin da zai maido da ita. Sai an tuƙa motar bisa wasu sharuɗɗa da masu ƙera ta suka gindaya, kuma wannan shi ne tuƙin gwaji.

Asalin al'amarin daga birnin Los Anjalis na jihar Kalifoniya yake. Tun a shekarun 1940 mazauna birnin ke fama da wani hazo mai sa idanu raɗaɗi da hawaye. A farkon shekarun 1950 masanin sinadarai Arie Haagen-Smit na jami'ar Caltech ya nuna cewa hasken rana ne ke dafa hayaƙin motoci da tururin fetur su koma wannan hazo. An kafa hukumar kula da iska ta jihar, CARB, a 1967, kuma shi ne ya fara shugabantar ta. Daga samfurin 1975 yawancin motocin Amurka suka fara zuwa da matatar hayaƙi a jikin salansa. Sai dai mota kan fito daga masana'anta da tsabtataccen hayaƙi, bayan 'yan shekaru wani ƙaramin sashe ya lalace, ta ci gaba da tafiya sumul a hannun direba alhali gubar da take fitarwa ta ninka. Don haka Kalifoniya ta tilasta wa kamfanoni sanya tsarin binciken kai, aka fara da motocin 1988. Wancan na farko kowane kamfani da irin soket ɗinsa da lambobinsa. Gyaran da aka yi wa dokar tsabtace iska ta Amurka a 1990 ya share fagen tsari na biyu, wanda ya zama dole a faɗin ƙasar a 1996. Tarayyar Turai ta bi sahu da nata mai suna EOBD, motocin fetur daga 2001, na dizal daga 2004. Ƙa'idar Amurka ita ce fitila ta kama idan lalacewar wani sashe za ta kai hayaƙi ninki ɗaya da rabi na iyakar da doka ta yanka.

Waɗanda suka tsara OBD-II sun hango wata ƙofar ha'inci tun da wuri. A jihohin da ake binciken hayaƙi kafin sabunta takardun mota, fitilar cek-injin a kunne tana nufin mota ta faɗi. Wanda ba ya son kashe kuɗin gyara zai iya tsayawa daf da wurin bincike, ya cire kan batir na 'yan mintuna, fitila ta mutu, ya shiga da mota tamkar ba abin da ke damun ta. Rajistar gwaje-gwaje ce ta toshe wannan ƙofa, domin duk abin da ya goge lambar matsala yana mayar da gwaje-gwajen zuwa “bai kammala ba”. Kamar ɗalibi ne da ya faɗi jarrabawa ya yaga takardar sakamako: jan biro ya ɓace, amma ba shi da shaidar ci, dole ya sake zama ya rubuta. Abin lura, alamar “ya kammala” ba ta nufin sashen na da lafiya, tana nufin an gwada shi ne kawai. Idan ya ci, shiru za a ji, idan ya faɗi lambar matsala za ta fito. Mota mai lafiya ita ce wadda ta haɗa biyun, gwaje-gwajenta sun kammala kuma ba ta da lamba.

A motar fetur an tanadi gurbin gwaje-gwaje 11, ko da yake babu motar da ke amfani da su duka. Uku daga ciki ba sa tsayawa muddin inji na aiki. Na farko yana neman misin, wato silindar da ta kasa ƙona manta. Ta sensar karanshaf kwamfuta ke gane haka: kowace fashewa a silinda tana ƙara wa karanshaf ɗan sauri, idan wata ta tsallake sai juyin ya ragu na ɗan taƙin da direba ba lalle ya ji ba. Idan misin ya yi yawan da ɗanyen fetur zai riƙa isa matatar hayaƙi yana ƙona ta, fitilar ƙyaftawa take yi maimakon ta tsaya a kunne, kuma wannan gargaɗi ne da bai kamata a ci gaba da gudu a kansa ba. Na biyu yana lura da cakuɗar iska da fetur, wadda ake so ta tsaya kusa da kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur bisa nauyi. Na uku yana bin wayoyi da sensoci, ko akwai wadda ta tsinke, ko ta haɗu da wata, ko take ba da labarin da hankali ba zai ɗauka ba. Waɗannan uku ba su cika ba da wahala ba, a motoci da yawa ana ta da inji suke nuna sun kammala.

Sauran su ne masu sharaɗi. Kwamfuta ba ta taɓa su sai ta ga yanayin da ya dace, kuma galibi sau ɗaya take yin kowanne a tafiya guda. Sensar oksijin da ke cikin salansa ba ta fara aiki sai zafinta ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Salshiyas, shi ya sa aka sa mata 'yar hita a ciki, hitar kuma tana da nata gwajin da akan yi lokacin da inji ke da sanyi. Gwajin sensar kanta na sauri ne. Tsohon samfurinta yana kai-komo tsakanin kusan bolt 0.1 da 0.9 yayin da cakuɗa ke sauyawa, kwamfuta kuma tana auna ko kai-komon ya fara nawa. Matatar hayaƙi kuwa a kaikaice ake gwada ta. Cikinta wani tubali ne mai dubban ƙananan ramuka da aka shafe da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, kuma lafiyayyar matata tana ajiye oksijin ta sake shi idan an buƙata. Saboda haka sensar da ke gabanta tana ta hawa da sauka, ta bayanta kuwa kusan a miƙe take. Ranar da ta baya ta fara kwaikwayon ta gaba, matatar ta gaji, lambar P0420 ke nan. Wannan awo ba ya yiwuwa sai matatar ta ɗauki zafi sosai kuma ƙafar direba ta tsaya cak a kan totur na wasu mintuna, abin da ba ya samuwa a cunkoson cikin gari.

Bawul ɗin EGR yana mayar da ɗan hayaƙi cikin inji domin rage zafin ƙuna, wanda shi ke haifar da iskar naitirojin mai guba. A motoci da yawa ana gwada shi ne sa'ad da direba ya ɗage ƙafa daga totur mota na tafiya da kanta: kwamfuta ta buɗe bawul ɗin na ɗan lokaci ta ga ko matsin iskar da inji ke shaƙa ya canja. Wasu motoci na da famfon da ke hura iska cikin salansa na minti ɗaya ko biyu bayan tashin sanyi, shi ma da gwajinsa. Motocin dizal na zamani da nasu jerin daban, wanda ya shafi matatar baƙin hayaƙi da tsarin ruwan yuriya da ƙarfin tobo.

Gwajin da ya fi kowanne taurin kai shi ne na tururin fetur, wanda na'urori ke rubutawa EVAP. Fetur na tashi tururi ko da mota a ajiye take. Don haka aka rufe tanki ruf, aka bi da tururin ta tiyo zuwa wani gwangwani mai cike da gawayi da ke riƙe shi, daga baya inji ya zuƙe ya ƙona. Doka ta buƙaci kwamfuta ta gano ɓula mai faɗin milimita ɗaya a ko'ina cikin wannan tsari, daga samfuran 2000 kuma aka fara rage ta zuwa rabin milimita. Hanyar da aka fi bi ita ce a toshe bawuloli, a zuƙe iska kaɗan daga tanki, sannan a jira a ga ko matsin zai tsaya yadda yake. Awo ne mai laushi ƙwarai, abu kaɗan ke ɓata shi. Idan tanki ya cika maƙil, filin iska ya yi kaɗan, idan ya kusa ƙarewa filin ya yi yawa, shi ya sa yawancin kamfanoni ke son mai ya kasance tsakanin kashi 15 da 85 cikin ɗari. Idan mai na tangaɗi a kan hanya mai gargada, ko rana ta dafa shi, tururi zai ƙaru ya rikita lissafi, sai kwamfuta ta fasa. Galibi ana buƙatar zafin gari tsakanin digiri 4 da 35 ko kusa da haka. Ford ya kai tasa iyakar zuwa kusan 38, ya kuma ƙara cewa kada tudun wurin ya wuce kimanin mita 2,400 daga matakin teku. Wasu kamfanoni sun ga cewa lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an kashe mota komai ya lafa. A motocin Toyota da yawa, daga tsakiyar shekarun 2000, wani ɗan famfo na tashi da kansa kimanin awa biyar bayan an zare makulli ya yi gwajin cikin 'yan mintuna, don haka ƙarar da mai mota kan ji da dare daga ƙarƙashin motarsa ba alamar matsala ba ce. Murfin tanki da ba a ɗaure da kyau ba, ko wanda robarsa ta tsage, shi kaɗai ya isa ya kawo lambar P0455 ko P0456.

Abubuwan da ke goge rajistar na yau da kullum ne: danna “goge” a na'urar sikanin, sabunta manhajar kwamfutar ko canja ta, a akasarin motoci kuma cire kan batir ko mutuwarsa. Tare da rajistar, kwamfuta kan manta da 'yan gyare-gyaren da ta koya game da injin tsawon lokaci, shi ya sa wata mota ke ɗan rawa a silo bayan an canja mata batir. Babu na'urar sikanin da ke iya rubuta “ya kammala” da kanta. Iyakar abin da manyan na'urori irin na Volkswagen da General Motors ke yi shi ne umartar kwamfuta ta gudanar da wasu gwaje-gwajen mota na tsaye a gareji, amma hukuncin na kwamfutar ne. Saboda an san wasu gwaje-gwajen na jinkiri, jagorar hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta yarda a karɓi motocin 1996 zuwa 2000 ko da gwaji biyu ba su kammala ba, na 2001 zuwa sama kuma gwaji ɗaya. Kalifoniya ta fi haka tsauri. Wanda ya wuce iyaka ba a ce motarsa ta lalace ba, ana mayar da shi ne ya je ya tuƙa ya dawo, kuma sau da yawa mutumin da ya fito daga gareji da mota gyararriya ne wannan ke faɗa wa.

Tuƙin gwaji ba dabarar yaudarar kwamfuta ba ne. Tattara sharuɗɗan kowane gwaji ne a jera su cikin tafiya ɗaya, maimakon a jira su faɗo da kansu. Tushensa kuwa a ɗakin gwajin hukuma yake. Ana tantance hayaƙin sabuwar mota a Amurka da wani tsarin tuƙi mai suna FTP-75, wanda aka kwaikwayo daga titunan Los Anjalis: kusan kilomita 18, da tashin sanyi, da tsaye-tsaye, da gudun da ƙololuwarsa ta kai kusan kilomita 91 a awa. Doka ta ce gwaje-gwajen su zama masu yiwuwa a cikin irin wannan tafiya, shi ya sa umarnin kamfanoni da yawa ke yawo a kusa da kilomita 88, ba gudun tsere ba.

Shiri ya fi tuƙin muhimmanci. Dole a tabbatar babu lambar matsala, har da irin wadda ke jiran tabbaci ba ta kunna fitila ba tukuna, domin lamba ɗaya a sensa kan hana duk gwaje-gwajen da suka dogara da ita. Mai ya kasance tsakanin kwata da kashi uku cikin huɗu na tanki. Batir da altaneta su kasance da ƙarfi. Sannan mota ta kwana a kashe, kimanin awa takwas, har zafin ruwan inji ya sauko daidai da na iskar waje.

Tsarin da aka fi yaɗawa shi ne na General Motors, kuma ko da yake ba na kowace mota ba ne, yana nuna hikimar da ke cikin dukkansu. Ana farawa da tashin sanyi: ruwan inji ƙasa da digiri 50, tazararsa da zafin iskar waje kuma ba ta wuce digiri 6 ba. Ba a barin makulli a buɗe kafin a ta da inji, don kada hitar sensa ta yi ɗumi gwajinta ya kuɓuce. Da inji ya tashi sai a bar shi a silo minti biyu da rabi, esi da hitar gilashin baya a kunne domin a ɗora masa nauyi, kuma a nan ake duba hitar sensa da famfon iska da misin. Sai a kashe su, a taka totur rabi har gudu ya kai kilomita 88 a awa, a riƙe shi haka minti uku ba hawa ba sauka, lokacin da ake auna saurin sensar oksijin da zuƙar tururin fetur. Daga nan a ɗage ƙafa, mota ta yi ta raguwa da kanta har kilomita 32, ba birki, ba kuloci, ba canjin giya, wannan rabon EGR ne. A sake takawa, wannan karon kashi uku cikin huɗu na totur, zuwa kilomita 88 ko 96, a tsaya a kan 88 har minti biyar domin matatar hayaƙi. A ƙarshe a sake barin mota ta rage gudu da kanta. Duka bai fi kwatan awa ko ɗan fiye ba, amma bayan cire batir, ko idan matatar ta fara tsufa, gwajinta na iya cin zagaye har biyar.

Kowane kamfani da nasa salon, wani lokaci ma samfuri biyu na kamfani ɗaya kan sha bamban, don haka littafin gyara na ainihin motar shi ne abin bi. Wasu na son tsaye-tsaye irin na cikin gari a tsakiyar tafiyar, wasu na son tashin sanyi biyu a ranaku daban-daban. Lafiyayyar mota da ke haɗa zirga-zirgar gari da babbar hanya takan kammala yawancin gwaje-gwajenta cikin 'yan kwanaki ba tare da an tsara mata komai ba. Wadda ba ta wuce tafiyar minti biyar daga gida zuwa kasuwa kuwa tana iya yin makonni gwajin matata bai zo ba. Akwai kuma batun rai. Barin mota ta sauko daga 88 zuwa 32 ba tare da fitilar birki ta kama ba haɗari ne idan akwai wani a baya, saboda haka ana zaɓen miƙaƙƙiyar hanya a lokacin da ba kowa, na'urar sikanin kuma tana hannun wanda ke zaune a gefe, ba direba ba. Idan wani abu ya gitta, a taka birki, gwajin zai samu wata rana.

Karanta sakamakon ba shi da wuya. Ko ƙananan na'urorin nan masu arha na ELM327 da ke haɗuwa da wayar hannu suna nuna jerin gwaje-gwajen, galibi da OK ga wanda ya kammala, INC ga wanda bai kammala ba, N/A ga wanda motar ba ta da shi. Na ƙarshen ba matsala ba ne. Motocin da aka ƙera domin Turai da yawa ba su da gwajin ɓular tanki, domin dokar can ba ta tilasta shi yadda ta Amurka ta yi ba. Wasu motoci ma ba sa buƙatar na'ura. A Honda da yawa, idan aka buɗe makulli ba a ta da inji ba, fitilar cek-injin na tsayawa kimanin daƙiƙa 20, idan ta mutu gwaje-gwaje sun kammala, idan ta ƙyafta sau biyar da saura. A Ford jiran na daƙiƙa 15 ne, ƙyaftawar kuma sau takwas.

Idan gwaji ya ƙi kammala bayan zagaye da dama, kusan kullum akwai sharaɗin da bai cika ba. Gwaje-gwajen na da tsari, na matata ba ya farawa sai na sensar oksijin ya wuce, don ba a awo da ma'aunin da ba a tabbatar da shi ba. Akwai kuma ƙa'idar tafiya biyu: yawancin matsaloli a karon farko ana ajiye su ne a matsayin zargi, sai sun maimaitu a tafiya ta gaba fitila ke kamawa. Hakan na nufin dawowar fitila kwana biyu ko uku bayan gogewa ba sabuwar matsala ba ce, tsohuwar ce gwaji ya sake cim mata. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne sake gogewa, wanda ke mayar da komai sifili. Da ma ba lalle ne a goge ba, domin idan gyara ya yi, kwamfuta na kashe fitila da kanta bayan tafiya uku a jere da gwajin ya ci, ta share lambar bayan ɗumamar inji 40. A lissafinta ɗumama ɗaya ita ce ruwan inji ya ƙaru da aƙalla digiri 22 daga yadda aka ta da shi, ya kuma kai 71.

Wannan batu ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, domin ɗimbin motocin hannu da ke shigowa ta tashoshin Legas da Kwatano, irin su Camry da Corolla da Accord, an ƙera su ne domin Amurka, da sharuɗɗan can a ƙwaƙwalwarsu. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin rana kan haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, wato ya wuce iyakar gwajin tururin fetur, don haka damar da ta fi ita ce tashin asuba, ko kuma lokacin hunturu. Sai al'adar cire tamostat da jona fanka kai tsaye da sunan maganin zafi. Injin da aka yi wa haka yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, a babbar hanya da sanyin safiya ma yana iya kasa kaiwa, sai gwaje-gwajen da ke jiran ɗumi su tsaya, fetur ya riƙa tafiya a banza, lambar P0128 kuma ta biyo baya. Al'ada ce da ya kamata a bari, domin maganin inji mai zafi yana wajen lagireto da famfon ruwa da fanka. Haka nan matatar hayaƙi, wadda kanikawa ke kira indomi, akan fasa a kwashe cikinta saboda tsadar ƙarafanta. Babu tuƙin da zai wanke irin wannan mota: gwajin zai kammala, ya faɗi, kuma gubar da aka ƙera matatar ta tare za ta fita ne a titin da jama'a ke shaƙa.

Ga mai sayen motar hannu, rajistar ta fi fitila faɗin gaskiya. Da farko ya buɗe makulli ya ga fitilar cek-injin ta kama kafin a ta da inji, in ba ta kama ba akwai yiwuwar an cire ta ko an rufe ta, ko da yake na'ura za ta nuna ko kwamfuta ta ba da umarnin kunna ta. Sannan ya duba jerin gwaje-gwaje. Motar da ake hawa kullum amma matata da sensa da EGR duk suna INC, to ba a daɗe da goge ta ba. Wannan shi kaɗai ba hujjar ha'inci ba ne, domin motar da ta yi makonni a jirgin ruwa ko a filin dillalai batirinta kan mutu. Amma dalili ne na a nemi a tuƙa ta sosai kafin a biya kuɗi. Motoci da yawa, musamman na tsakiyar shekarun 2000 zuwa sama, suna kuma nuna kilomita nawa aka yi da ɗumama nawa tun gogewar ƙarshe. Daga samfurin 2010 motocin Amurka na da wata lamba ta dindindin, wadda cire batir ko na'ura ba sa gogewa, sai gwajin da ya haifar da ita ya sake gudana ya ci. Kalifoniya ta shigar da ita cikin binciken hayaƙi daga 1 ga Yuli, 2019, inda ake ɗauke kai daga gare ta kawai idan mota ta yi ɗumama 15 da tafiyar mil 200, kimanin kilomita 320, tun bayan gogewa. Bakanike ma da wannan rajista yake tabbatar da aikinsa, domin gyaran sensa ko matata bai tabbata ba sai gwajin sashen ya gudana lambar ba ta dawo ba.

Akwai 'yan tsofaffin motoci da laifin na masana'anta ne, tun daga shekarun farko na tsarin. Jagorar EPA ta ambaci Subaru na 1996 da Volvo 850 mai tobo na 1996, waɗanda ke goge rajistarsu duk lokacin da aka kashe makulli, da Toyota Tercel da Paseo na 1997, waɗanda gwajin tururin fetur ɗinsu kan ƙi kammala ko da motar lafiya take. Irin waɗannan an sassauta musu sharaɗin a wuraren bincike, wasu samfuran kuma kamfanoninsu sun fitar da sabuwar manhaja da ta gyara matsalar. Don haka idan mota ba ta da lamba, zafin injinta daidai, batirinta da ƙarfi, an kuma bi tsarin tuƙinta sau da dama gwaji ɗaya bai motsa ba, mataki na gaba shi ne duba sanarwar gyara da kamfanin ya fitar kan wannan samfuri da shekararsa, kafin a sayi wani sabon sashe.